Yadda Ake Hawan Dutsen Kufena Daga Bomo

A ƙasashen Turai da tsaunukan Alfas suka ratsa, hawan dutse harka ce da mutane ke tanadar wa kuɗi da hutu. Akwai wata mashiga a arewacin Italiya mai suna Stelbiyo, tsayinta mita 2,757, hanyar da ke hawa ta gefen arewa tana da kwana 48 masu kaifi. Wasu su hau ta da keke, wasu da mota, wasu su bi hanyoyin ƙafa da ke kewayenta. Mu a Zazzau ba mu da irin wannan tsayi, amma muna da Kufena, kuma abin yana damuna cewa mutum zai yi shekara huɗu yana karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ko ma a haife shi a Bomo, kullum yana hango dutsen nan, bai taɓa sa ƙafa a kansa ba.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Da damina ba a hawa, don dutsen sulɓi ne da shi in ya jiƙe, ga gansakuka, ga tsawa, kuma kan dutse ba wurin tsayawa ba ne in hadari ya taso. A watan Maris da Afrilu kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi dutsen ya ɗauki zafin da tafin hannu ba zai iya dafa shi ba. A ganina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, ido yana kaiwa nesa. Sai dai ciyawa na da tsawo a lokacin, don haka a lura da macizai. Disamba da Janairu sun fi sanyi da daɗin tafiya, amma hazo kan rufe gari har ka kai ƙololuwa ka rasa abin kallo.

Sai shiri, tun daren da za a wayi gari a tafi. Da keke za a je gindin dutsen, don haka a duba shi: iskar taya, sarƙa, musamman birki na gaba da na baya. A sa famfo da kayan faci a jaka. Ruwan sha kada ya gaza lita 2 ga kowane mutum. Dabino, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli sun ishi guzuri. Takalmi ya zama kambas mai tafin roba wanda ke kama dutse. Silifa da takalmin fata mai santsi su ne ke kayar da mutane. A bar babbar riga a gida. Kuma a gaya wa wani a gida inda za a je da lokacin dawowa. Ba a tafiya mutum ɗaya, uku ko huɗu ya fi.

Ana idar da sallar asuba a kama hanya. Daga Bomo a fito Samaru, a bi titin Sakkwato a wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da Palladan har Kwangila. Daga nan a juya a bi babban titin da ya nufi Kaduna zuwa Ɗan Magaji, sannan a shiga Wusasa. Tsakanin Kwangila da Ɗan Magaji ne wurin da ya fi haɗari ga mai keke, don hanyar tireloli da tankoki ce. A jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen titi, kada a jera kafaɗa da kafaɗa ana hira.

Wusasa kanta ta cancanci a ɗan tsaya. A nan ne mishan ɗin CMS ya zauna bayan ya fito daga cikin birni a 1929, ga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa bisa salon magina Hausawa, ga asibitin St. Luke. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga Wusasa dutsen yana gabanka.

A gindin dutse akwai abin da matasa ke yawan tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin tafiyar. A nemi mai unguwa ko wani dattijon wurin, a yi sallama, a gaisa yadda ya kamata: "Baba, mun zo ne daga Samaru, muna so mu hau dutse, ko akwai yaron da zai nuna mana hanya?" A tambaye shi lafiyar wurin a 'yan kwanakin nan, domin halin tsaro a bayan gari ba abin wasa ba ne, kuma in ya ce kada a hau yau, a haƙura. A gidansa ko wani shago za a ajiye kekuna. Yaron da ya yi jagora a sallame shi da abin kirki. Shi ya san inda ƙudan zuma suka yi gida a tsagar dutse, ya san falalen da ake ganin kamar zai hawu amma ba shi da mafita a sama.

Kafin a fara hawa, a dubi ƙasa. Tarihin baka ya nuna cewa Kufena, kamar Turunku, mazauni ne na sarautar Zazzau kafin a kafu a birnin Zariya na yanzu, abin da ake dangantawa da zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536. Har yau akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen dutsen, wadda masanin kufai John Sutton ya yi nazari a kanta a shekarun 1970 lokacin yana jami'a a Samaru. In ka ga tsingaro a ƙasa, ka duba ka mayar inda ka same shi.

Hawan kansa ba a yi masa gaggawa. Taku gajere, tafin ƙafa duka a kan dutse, ba 'yan yatsu kaɗai ba. Inda ya yi tsaye kada a miƙe sak, a riƙa karkata dama da hagu, dabarar da masu gina hanyoyin Alfas suka bi ke nan da kwanoninsu. Ma'aunin sauri shi ne numfashi: in ba ka iya yi wa abokinka magana ba tare da haki ba, ka rage. Wanda ya fi rauni shi ake sa wa a gaba. A sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba. Kada a cusa hannu cikin ramin da ido bai ga cikinsa ba, kuma in dutse ya gangaro daga ƙafarka, ka ɗaga murya na ƙasa su ji.

A sama, in sarari ya yi garau, za ka ga birnin Zariya, da Tudun Wada, da Sabon Gari, can arewa kuma Samaru da dogon ginin majalisar jami'a. A nan mutum ke gane abin da ya sa magabata suka zaɓi gindin dutse: babu mahayin da zai tunkaro ba a hango ƙurarsa ba.

Saukowa ta fi hawa haɗari, kuma a nan aka fi jin ciwo, don gwiwa ta gaji, hankali ya riga ya koma gida. A fara sauka kafin ƙarfe 10. A bi hanyar da aka hau. A sassauta gwiwa, inda ya yi gangara sosai a zauna a sauka da hannu da ƙafa, babu abin kunya a ciki. Robar ruwa da leda duk a dawo da su.

Wanda Kufena ta buɗe wa ido, kuma yake son ganin hawa na mota, sai ya nufi Filato. Hawan Kibo, a kan hanyar Akwanga zuwa Jos, ya ci rayuka da yawa, galibi saboda birkin manyan motoci da ke tsinkewa a gangara. Kafin tafiya bakanike ya duba man birki da ruwan lagireto. In za a gangaro, a sa giya ta biyu tun daga sama, inji ya riƙe motar, don birkin da aka danne tun daga sama har ƙasa zafi yake yi ya daina kamawa. Kada a kashe inji ko a sa firi don tsimin mai, kada a wuce tirela a kwana. Mai son kallo ya bari sai ya sauko, ya faka nesa da kwalta a wajen magangarar ruwa ta Assop.