DARASI NA 14: TAWADAR SIPIRIT DA ADON TAKARDA

Jama'a, kowa a cikinmu ya san tawadar allo. A kan daka gawayi, galibi na aduwa, a haɗa shi da ƙaro da ruwa, a zuba a kurtu. Yau za mu koyi wata irin tawada dabam, wadda masu zane a Amurka da Japan da Turai su ke yi wa takarda ado da ita. Sunanta tawadar sipirit. Za mu ga yadda ta ke, mu gwada ta da hannunmu, mu kuma san inda ta ke da amfani da inda ba ta da shi.

1. Mene ne tawada?

Kowace tawada abu biyu ce, watau launi da ruwan da ke ɗauke da launin. Ruwan ya kai launi kan allo ko takarda, sa'an nan ya bushe ya bar launin a wurin. A tawadar allo, gawayi ne launi, ƙaro kuwa shi ke manna shi. A sabuwar tawadar nan, launin rini ne, an narkar da shi cikin sipirit maimakon ruwa.

Sipirit shi ne farin ruwan nan mai wari da malamin asibiti ke goge fata da shi kafin ya yi allura. Kun lura wurin ya kan yi sanyi, ya bushe nan da nan? Dalili ke nan: ruwa sai ya kai zafin digiri 100 ya ke tafasa, sipirit kuwa wajen digiri 80 ya ishe shi. Saboda haka ya fi ruwa saurin bin iska ƙwarai. Iri-iri ne. Wanda masu zane suka fi so ana ce masa isofurofil, an fara yinsa don sayarwa a Amurka a 1920.

Ko ba mu sani ba, mun daɗe muna riƙe dangin tawadar nan. Biro ya sami sunansa daga wani mutumin Hangari mai suna Biro, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Tawadarsa ba ta fita da ruwa, amma sipirit ya kan narkar da ita. Haka kuma maka, babban alƙalamin nan da fatake ke rubuta suna da shi a jikin buhu da kwali.

2. Kayan da za mu tanada

A waje a kan sayar da tawadar a ƙananan kwalabe, tare da wata takarda ta roba da a ke yi a Japan, mai suna Yupo. Suna da tsada. Mu za mu yi da abin da ke kusa:

(a) tsofaffin maka uku, ja da shuɗi da rawaya;
(b) kwalbar sipirit daga kantin magani;
(c) ƙananan kwalabe uku masu murfi;
(d) tsohuwar kalanda mai santsi, ko fasasshen farin tayil;
(e) auduga, da tsinke, da mafici.

Ba kowace maka ce ke yi ba. Ku ja layi da ita a kan kwalba, ku bari ya bushe, ku ɗiga ruwa. In ya wanke, wannan ta ruwa ce, ku ajiye ta. In bai wanke ba, ita mu ke nema. Ku fasa ta, ku zaro lagwanin da ke ciki, ku sa a kwalba, ku zuba sipirit cokali uku, ku rufe. Kashegari tawada ta samu.

3. Gwaji

Da muka fara gwadawa, a kan takardar rubutu muka ɗiga. Takarda ta shanye tawadar, ta ɓullo ta baya, ta ɓata mana shafi uku. A nan muka gane lalle sai abin da ba ya shan ruwa. To, ku ɗauko tayil ko kalanda.

Gwaji na ɗaya. Ku tsoma tsinke a shuɗi, ku ɗiga ɗigo ɗaya. Za ku ga ya bazu ya yi da'ira, ya bushe ba da jimawa ba.

Gwaji na biyu. Ku ɗiga zallar sipirit a tsakiyar da'irar. Tsakiyar za ta yi fari, gefen ya yi duhu kamar an ja shi da alƙalami. Ga abin da ya faru: sabon ɗigon ya narkar da busasshen launi, ya tura shi gefe, ya bushe ya bar shi can. Wannan shi ne sirrin sana'ar duka. Tawadar ba ta mutuwa, ko ta yi kwana bakwai da bushewa sipirit zai tashe ta.

Gwaji na uku. Ku ɗiga rawaya kusa da shuɗi, ku karkata tayil ɗin su gamu. Inda suka gamu kore zai fito. Ja da rawaya su kan ba da ruwan goro. Amma in kun haɗa uku ɗin wuri guda, sai ku sami ruwan ƙasa mara kyau. Launi biyu sun isa a farko.

Gwaji na huɗu. Ku ɗiga tawada, ku kore ta da mafici tun ba ta bushe ba. Za ta yi reshe-reshe kamar jijiyar ganye. Kada ku hura da baki, domin za ku shaƙi warin.

In abin bai yi kyau a tayil ba, ku goge da auduga mai sipirit, ku sāke. Kowa ya gwada, ya rubuta a littafinsa launin da ya haɗa da abin da ya samu, don gobe kada ya manta.

4. Haɗa ta da wasu kaya

Masu wannan sana'a ba su tsayawa ga tawada kaɗai. Su kan haɗa ta da takarda, da zare, da ƙyalle, a aiki guda. Mu ma haka za mu yi. In kalandar ta bushe, ku yanka ta da almakashi gida-gida, kamar zayyanar allon mai sauka. Ku liƙa yankan da ƙaro a gefen farin kwali. A tsakiya ku rubuta gaisuwa da tawadar gida. Kun ga kun sami katin barka da salla ko na ɗaurin aure. Haka za ku yi wa littafinku bango, ku ɗinke shi da zare.

5. Hattara

Rigakafi ya fi magani. Sipirit yana kama wuta da sauri, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, ya kan bi ƙasa har ya kai ga murhu. Da rana harshen wutarsa da ƙyar a ke ganinsa. Don haka a yi aikin nan da rana, a waje, a inuwa, nesa da murhu da fitila da mai shan taba.

Sipirit dafi ne, ba abin sha ba ne. Wani irinsa an gauraya shi da metanol, wanda kaɗan daga cikinsa ya kan makantar da mutum ko ya kashe shi. A rubuta DAFI a jikin kowace kwalba, a ɗora ta inda yara ba su kaiwa. Kada a zuba shi a kwalbar lemo. Kada kuma a yi wa kwanon abinci ado da tawadar. In yaro ya sha, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

6. Kowace da ranarta

Tawadar allo ruwa ya kan wanke ta, amma rana ba ta kashe baƙin gawayi. Tawadar sipirit ruwa ba ya wanke ta, amma rana ta kan kashe launinta, kamar yadda zane ke koɗewa a kan igiyar shanya. Saboda haka ta ado ce. Kada ku rubuta takardar bashi, ko ta jinginar gona, ko ranar haihuwar yaro da ita. Wata rana za ku buɗe ku tarar rubutu ya dushe, shaida ta tafi. Irin waɗannan a rubuta su da baƙin biro a farar takarda, a naɗe, a sa a akwati inda rana da laima ba su kaiwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke cikin kowace tawada?
2. Don me sipirit ya fi ruwa saurin bushewa?
3. Yaya za ka gane makar da ta dace?
4. Faɗi abu uku da za ka yi don tsare gidanka daga haɗarin sipirit.
5. Da wace tawada za ka rubuta takardar bashi? Don me?

Aikin gida

Ja layi da maka a takarda biyu. Sa ɗaya a akwati, ka manna ɗaya inda rana ke dukanta. Bayan wata guda ka kawo su aji mu gwama.