HANYOYIN AUNA ILMIN 'YAN MAKARANTA

Ko wane Hakimi ya sani idan mudun kasuwa ya lalace, mai saye da mai sayarwa duka su kan cutu, ko da babu wanda ya yi nufin zamba. Jarrabawa ita ce mudun da a ke auna ilmin yara da shi, kuma bisa ga abin da ta nuna ne iyaye su ke yanke shawara, ko su bar yaro ya ci gaba da karatu, ko su mai da shi gona. Ya kan faru yaro ya shekara shida a firamare, ko wane zango ya zo gida da takardar sakamako da maki a kanta, amma ran da aka miƙa masa wasiƙa ya karanta wa ubansa sai ya yi tsuru-tsuru. Uban da ya ga haka da wuya ya yarda a ɗauki ƙanen yaron, kuma Hakimi ne zai sha wahalar lallashinsa. Saboda haka ya kamata Hakimai da magatakardansu su san hanyoyin awo dabam dabam, da amfanin ko wace, da aibinta.

1. Jarrabawar rubutu

Wannan ita ce wadda kowa ya sani. A kan tara yara rana ɗaya, a ba su tambayoyi iri ɗaya, a ƙidaya maki, a jera su daga na ɗaya har na ƙarshe. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999, bisa wannan hanya su ke aiki a ƙarshen sakandare. Amfaninta a fili ya ke: ɗan Sarki da ɗan talaka takarda ɗaya su ke amsawa, mai dubawa kuma bai san fuskar kowa ba.

Aibinta uku ne. Na fari, ta kan zo a ƙarshe, lokacin da gyara ya wuce. Na biyu, abin da yaro ya yi cikin sa'a biyu kaɗai ta ke gani, ko da zazzaɓi ya kwana. Na uku, maki ba ya faɗin abin da yaro ya iya. Wanda ya zo na uku cikin ajin da babu mai iya karatu, shi ma bai iya ba.

2. Abin da ya faru a Ingila

A 1862 wani jami'in gwamnatin Ingila, Robert Lowe, ya kawo doka cewa kuɗin taimakon da za a ba makaranta ya rataya ga cin jarrabawar yaranta. Sufeto ya kan zo sau ɗaya a shekara ya gwada su karatu da rubutu da lissafi. Yaron da ya ci duka uku a kan ba makaranta sule 8 saboda shi, ko wane fanni kuwa da ya fāɗi a kan zabge sule 2 da kwabo 8. Nan da nan malamai suka koma sa yara haddace littafin da sufeto zai tambaya, har yaro ya iya rera shafi bai san ma'anarsa ba. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, ya yi ta sukar wannan tsari, kuma kafin 1900 aka yi watsi da shi. Darasin da ke ciki shi ne, duk awon da aka ɗaura wa abincin malami, ko mutuncinsa, malami zai koyi yadda zai cika mudun ko babu hatsi.

3. Awon makarantar allo

Ƙasar Hausa tana da nata awon tun kafin zuwan boko. Almajiri ya kan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru, sa'an nan haɗa baƙi. Ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya abin da ke kai, malam ya ji da kunnensa ya yarda. In ya yi kure a gyara masa nan take, ya koma ya sake. Ba a ce masa ya ci kashi kaza cikin ɗari, ba a kuma ɗaga shi don shekara ta ƙare. Idan aka tambayi inda ya ke, sai a faɗi sura ko izu, kowa kuwa ya gane iyakar abin da ya sani cikin izu sittin. A makarantar ilmi ma haka ne, ɗalibi ba ya barin littafi sai ya sauke shi a gaban malami, wanda ya ƙware kuma a kan ba shi ijaza.

Wannan hanya tana da rauninta, gama ta fi auna hadda da kyan biyawa, kuma ba a ajiye lissafi a rubuce. Amma ƙa'idodinta biyu, watau gwada yaro shi kaɗai, da hana shi wucewa sai ya iya, su ne masanan ilmi na zamani su ke ta yabo.

4. Awo a kai a kai

Manufar Ilmi ta Ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta umurci a riƙa auna yaro cikin zango duka, da ƙananan gwaje-gwaje da aikin gida da aikin hannu, a haɗa da jarrabawar ƙarshe. A makarantu da yawa a kan ba wannan kashi 30 ko 40 cikin 100. Niyyar tana da kyau, domin rana ɗaya ba za ta rushe aikin wata uku ba. Sai dai inda malami ɗaya ya ke riƙe da aji mai yara tamanin ko ɗari, da wuya ya duba aikin kowa, har wani ya kan cika rajista da maki na ƙiyasi ran da aka neme ta. Son kai ma yana samun ƙofa a nan fiye da jarrabawar waje.

5. Gyara a maimakon maki

A 1988 wata masaniya, Ruth Butler, ta buga sakamakon wani gwaji da ta yi da 'yan firamare a Isra'ila. Ta kasa su uku. Kashi ɗaya aka mayar musu da aikinsu da maki kaɗai, kashi ɗaya da bayanin gyara kaɗai, kashi na uku da duka biyu. Waɗanda suka sami bayani kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa biyu ba su fi masu maki kaɗai ba, gama yaro in ya ga lamba sai ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya manta da gyaran. A 1998 kuma Paul Black da Dylan Wiliam na Ingila suka tattara bincike masu yawa, suka nuna cewa gwajin da malami ya ke yi yau da gobe don ya gyara koyarwarsa yana ɗaga yara, musamman raunana.

6. Gwajin yaro ɗaya ɗaya

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da aikin gunduma, domin ba ta bukatar kuɗi. Wata ƙungiya ta Indiya, Pratham, ta fara ta a 2005. Masu gwaji su kan bi ƙauyuka gida gida da takarda guda mai hawa huɗu: baƙaƙe, da kalmomi, da 'yan jimloli, da gajeren labari irin na aji biyu. A kan zaunar da yaro ya karanta da baki, a rubuta hawan da ya tsaya. Rahoton 2018 ya nuna kimanin rabin yaran aji biyar na ƙauyukan Indiya ne kaɗai su ke iya karanta labarin aji biyu. An kuma fito da dabarar raba yara bisa hawan da suka kai, ba bisa shekarunsu ba, a koya wa ko wane rukuni abin da ya rage masa na sa'a ɗaya ko biyu a rana. An gwada wannan a waɗansu makarantun jihohin Borno da Kano.

7. Abin da ya kamata a yi a gunduma

Makarantun firamare suna hannun Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma, saboda haka Hakimi ba zai shiga aji ba sai da sanin Sakataren Ilmi da hedimasta. In an daidaita, ga yadda za a bi:

(a) Magatakarda ya shirya takarda da Hausa: baƙaƙe goma, kalmomi goma, jimloli huɗu, da labari mai layi takwas. Ya shirya iri biyu ko uku, don kada yara su haddace.

(b) A zaɓi yara da ƙuri'a daga rajista, maza da mata. Kada a bar malami ya zaɓo gwanayensa.

(c) A gwada ko wane yaro shi kaɗai, cikin lumana, ba bulala, ba dariya. A fara da jimloli: in ya iya a hau da shi, in ya kasa a sauko.

(d) Magatakarda ya rubuta adadin yaran da ke ko wane hawa, da sunan makaranta, da aji, da kwanan wata. Bayan wata uku a sake, a gwama.

(e) A karanta sakamakon gaban Dagaci da masu unguwa da kwamitin iyaye, ba tare da kiran sunan ko wane yaro ba.

Abu ɗaya kuma lalle a kiyaye. Kada a yi amfani da wannan lissafi don tozarta malami ko neman a kore shi, in ba haka ba abin da ya sami Ingila zai sami gunduma, a koma ɓoye raunana ran gwaji. In an ga yaran aji huɗu da yawa ba su wuce baƙaƙe ba, sai a bincika dalili: ko fashi su ke yi lokacin damina da ranar kasuwa, ko littattafai ne babu, ko aji ne ya fi ƙarfin malami ɗaya. Na farkon aikin Hakimi ne da Dagatansa, sauran kuwa a rubuta su a kai wa Sakataren Ilmi da adadi a hannu, gama kukan da ya zo da lissafi ya fi samun kunne.

Jarrabawar ƙarshe tana nan da aikinta, ba wanda zai sami takardar shaida sai da ita. Amma icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da aka gane bai iya karatu ba tun yana aji biyu, 'yan watanni sun isa a gyara shi. Wanda ba a gane ba sai a aji shida, shekarunsa da kuɗin ubansa sun riga sun tafi.