Kafin ka sayi ƙotar sandar golf

Yawancin masu buga golf idan za su sayi sanda, kanta suke jujjuyawa, su karanta sunan kamfani, su tambayi kuɗi. Ƙota kuwa, wato doguwar karar da ke tsakanin mariƙi da kai, iyakarta a leƙa harafin da aka buga mata. Da an ga S sai a ce madalla, wannan ta ƙarfafa ce. Daga nan asarar kuɗi take farawa.

Haruffan biyar ne: L mafi laushi, sai A, sai R matsakaiciya, S mai tauri, X mai tsananin tauri. Sai dai babu wata hukuma da ta tsayar musu da ma'auni ɗaya. Kowane kamfani da nasa awon, kamar lambar takalmi, ta wannan ta matse ka, ta wancan ta yi maka yawa. Abin da wani kamfani ya kira S, a wajen wani R ce.

Ana farawa ne da gudun kan sanda a daidai lokacin da ya haɗu da ƙwallo. A sandar direba, mai gudun mil 85 zuwa 95 a awa galibi R ce tasa, daga 95 zuwa 105 sai S, abin da ya haura haka X. Ƙwararrun gasar PGA Tour ta Amurka suna haura mil 110, alhali mai buga wasan ƙarshen mako bai cika wuce mil 90 da 'yan kai ba. Amma ko gudu ya zo ɗaya, hannu ya bambanta. Wani a natse yake sauke sanda, wani fizgo ta yake yi daga sama. Mai fizga ya fi buƙatar ƙota mai tauri da ɗan nauyi. Idan ƙota ta fi ƙarfinka, sau da yawa ƙwallo ba ta tashi sosai, ta riƙa karkata dama ga mai buga da hannun dama, bugun kuma ba daɗi a tafin hannu. In ta yi laushi da yawa, ƙwallo ta cilla sama ta rasa nisa, yau hagu gobe dama.

A ganina nauyi ya fi harafin nan muhimmanci, shi ne kuma ba a cika tambaya ba. Ƙotar direba tana kamawa daga giram 40 zuwa 80. Ta ƙarfe da ake sa wa sandunan ayon tana tsakanin giram 95 da 130, kuma fitacciyar Dynamic Gold ta kamfanin True Temper, wadda ta fito a 1980, tana can wajen 130 ɗin. Mara nauyi tana ƙara gudu, amma wasu da ita suke daina jin inda kan sanda yake, bugu ya rikice. Mai nauyi kuma a rami na farko lafiya lau take. A rami na goma sha biyar, cikin zafin watan Afrilu a filin Kano ko Kaduna, a nan za ka san ko taka ce. Saboda haka ka gwada ta bayan ka gaji.

Akwai masu ganin ƙotar girafayit ta tsofaffi ce. Haka aka taɓa yi wa ƙarfe kallon baƙo lokacin da itace ake yayi, sai a 1924 hukumar golf ta Amurka ta halatta shi, hukumar R&A ta St Andrews ta biyo baya a 1929. Bryson DeChambeau da girafayit a sandunansa na ayon ya ci gasar US Open ta 2020. Girafayit tana shanye girgiza, kuma mai ciwon gwiwar hannu da ke buga busasshiyar ƙasar rani zai ji bambancin tun ranar farko.

Sai tsawo. Direban kanti yakan haura inci 45, doka ta yarda har 48, ko da yake tun 2022 manyan gasanni sun tsaya a 46. Tiger Woods da ƙotar ƙarfe mai inci 43 da rabi ya lashe Masters ta 1997 da ratar bugu 12. Ka shafa alli a fuskar sanda ka buga ƙwallo goma. In tabon ya warwatsu, sauko da riƙonka inci ɗaya ka sake. Idan ya taru a tsakiya, ƙotar ta yi maka tsawo. In za a rage ta, a yanke ta wajen mariƙi, a ƙara wa kan ɗan tef na dalma, don yankan yana rage jin nauyinsa.

Batun murɗewar ƙota da gurbin da take lanƙwasawa kuwa, a bar wa mai gyaran sanda, tasirinsu bai kai na nauyi da tsawo ba.

Wajen gwaji, kai ɗaya, ƙwallo iri ɗaya, ƙota kawai ake canzawa. In akwai na'urar awo irin TrackMan, to, in babu, wani ya tsaya gefe ya lura da inda ƙwallayen suke sauka. Kada bugu ɗaya mai kyau ya ruɗe ka, taruwar goman ake dubawa. Mai sayen ta hannu ya duba tsatsa, da tsagewa a inda ƙota ta shiga kai, da inda bakin jaka ya cinye fenti, ya kuma auna ko an taɓa yanke ta. Jabu ma suna yawo, musamman masu manyan sunaye da arha.

Idan ƙota biyu suka yi kunnen doki a fili, ɗauki wadda hannunka ya fi so, domin da ita za ka buga ba fargaba. Idan kuwa hannu yana so amma ƙwallo tana watsewa, ajiye ta, ko da S aka rubuta mata.