Hatimin Lokaci a Manhajar Nazarin Awo

Hatimin lokaci shi ne adadin da na'ura ke liƙa wa kowane awo domin nuna ainihin lokacin da aka ɗauke shi. Na'urar auna girgizar ƙasa ko ta ƙarfin lantarki takan ɗauki awo masu ɗimbin yawa cikin daƙiƙa guda, kuma da zarar hatimin ya gurɓace, ba a ƙara sanin wanne ya riga wanne. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa daƙiƙa a nan tana nufin sakan, ko da yake a Larabci, inda aka aro kalmar, minti take nufi.

Yawancin kwamfutoci suna ƙidayar daƙiƙoƙi ne tun daga ranar 1 ga Janairu, 1970. Wannan ƙidaya ta haura biliyan 1.7 a shekarar 2023, wato adadi mai lambobi goma. To, nau'in adadi mai ɗigo da manhajoji suka fi amfani da shi yana da gurbi 64, kuma lambobi 15 zuwa 16 kawai yake iya riƙewa daidai. Idan cikakkun daƙiƙoƙi suka cinye goma, abin da ya rage wa ɓarɓashin daƙiƙa bai wuce shida ba. Masu bincike kuwa sukan bukaci nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, wanda ke neman lambobi tara bayan ɗigo. Saboda haka awo biyu da tazararsu ba ta kai nanosakan 200 ba suna iya samun hatimi ɗaya. Abin takaicin shi ne manhajar ba ta yin gargaɗi. Sai ta datse lambobin ta ci gaba da aiki.

Akwai wata matsalar kuma. Kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi 0.333, haka kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a lissafin bibbiyu na kwamfuta. A ranar 25 ga Fabrairu, 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dahran a ƙasar Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami na Iraƙi. Agogonta yana ƙirga zakkar daƙiƙa ne, ana kuma ajiye 0.1 a gurbi 24 kacal. Kuskuren kowace ƙirga ɗan mitsitsi ne, amma bayan kimanin awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, ya taru ya kai daƙiƙa 0.34. A wannan ɗan taƙin makamin kan ci fiye da rabin kilomita, don haka na'urar ta neme shi inda ba ya nan. Sojojin Amurka 28 suka mutu.

Maganin da ya fi inganci shi ne a guje wa ɗigo. Wasu manhajoji kan raba hatimin gida biyu, cikakkun daƙiƙoƙi daban, ɓarɓashi daban. Wasu kuma kan ƙirga nanosakan a matsayin cikakken adadi mai gurbi 64, amma wannan shekara 292 kawai yake ɗauka gaba da baya, wato daga 1677 zuwa 2262. Ya ishi ɗakin gwaji, bai ishi mai nazarin tarihi ba.

Aiki: Ɗalibi ya ninka 0.333 sau 3,000, ya kwatanta sakamakon da 1,000, sannan ya tsara yadda zai bayyana wa ɗaliban ƙaramar sakandare dalilin giɓin da Hausa.