Dalilin da Ya Sa Hitar Mota Ke Hura Sanyi da Hunturu

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga Sahara, direban da ya yi asubanci daga Rawayya ta ƙasar Bunguɗu zuwa Gusau ko Tsafe yakan kunna hitar motarsa, amma sai iska mai sanyi ta fito. Galibi hitar lafiyarta ƙalau, zafi ne bai iso gare ta ba.

Ita hitar mota ba ta samar da zafi da kanta. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne da ke ɓoye a gaban direba. Ruwan da ya zagaya inji ya ɗauki zafi yakan bi tiyo ya shiga cikinsa, sannan fanka ta huro iska ta jikinsa zuwa cikin mota. Ɗalibin ilimin halittu zai gane wannan tsari nan take, domin haka jini ke kwaso zafi daga hanta da tsoka ya kai wa fata. Idan jini ya ragu a yatsu sai su yi sanyi, alhali can cikin jiki yana nan a kan digiri 37.

Don haka daga ruwa ake fara bincike, amma sai inji ya huce. Ruwan lagireto mai zafi a matse yake, yana iya wuce digiri 100, kuma buɗe murfinsa kan sa ya yi tsartuwa ya ƙona fuska. Idan ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta maƙale a tiyo, hita ce kan fara rasa rabonta.

Sai kuma tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi babban lagireto har sai inji ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Aikinsa ya yi kama da na sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus, wanda ke sa jijiyoyin fata su tsuke idan ana sanyi. Kanikawa da yawa a ƙasar nan sukan cire shi, bisa zaton cewa don ƙasashen Turai aka yi shi. Wannan kuskure ne. Da bazara ba a lura da illarsa, amma da hunturu inji ba ya ɗaukar isasshen zafi, allurar zafi ba ta tashi, mota ta ƙara shan mai, kayan inji su riƙa cinyewa da wuri.

Idan inji ya yi zafi amma hita shiru, sai a kashe shi, a taɓa tiyo biyun da ke shiga wajen hitar a hankali. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi alama ce ta toshewa, wadda tsatsa da gishirin ruwan rijiya ke haddasawa. In duka biyun suna da zafi, to ƙofar da ke karkata iska ce ta maƙale.

Kafin a gyara, kada a kuskura a shigar da kaskon garwashi cikin mota a rufe gilasai. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da gyangyaɗi, ga shi kuwa direba na riƙe da sitiyari.