Maigida, Yaushe Rabonka da Hira da Ɗanka?

A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi ƙasar nan, ganin yadda matasa ke kwankwaɗarsa kamar ruwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu akwai mace ɗaya. A 2021 hukumar NDLEA ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye, tana bin makarantu da masallatai da fadojin sarakuna. To, amma jami'in hukuma ba a gidanka yake kwana ba. Kai da uwar yaran ne kuke kwana da su, kuma abin takaici, sau da yawa ku ne na ƙarshen ji.

Me ya sa? Dubi yadda gidajenmu suke. Yara na tsakar gida suna wasa, da an ji sallamar maigida sai wuri ya yi tsit, kowa ya nemi lungu. Maganarsa da ɗansa ba ta wuce "Ka yi salla?" da "Ina canjina?" Uwa kuma tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Kunya ado ce, kwarjini ma abin so ne ga uba, amma yaron da ya rasa mai sauraronsa a gida zai same shi a majalisar bakin titi. Can za a tambaye shi damuwarsa, a jinjina masa kai, sannan a miƙo masa robar lemo da aka zuba kodin a ciki, ko ƙwayar tiramol. Ta farko kyauta ce. Kuɗin ta biyu daga jakar uwarsa zai fito.

Addininmu bai koya mana wannan nisa ba. Annabi Yusufu yana yaro ya yi mafarki, bai kai wa kowa ba sai mahaifinsa, domin ya san za a saurare shi. Annabi Ibrahimu da aka umarce shi da yanka ɗansa sai da ya nemi jin ra'ayin yaron. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban wani shugaban ƙabila da ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kuma aka nuna masa wannan ƙarancin jinƙai ne. Wane uba ne a cikinmu ya fi waɗannan kwarjini?

Yarda tsakanin uba da ɗa kamar katangar ƙasa take. Mai gida na kirki ba ya jiran Agusta. Tun da bazara yake zagayawa, ya ga inda ta tsage kamar zare, ya kwaɓa ƙasa da ramno ya yaɓe, ya gyara indararo, ya tare gindin inda ruwa ke kwanciya. Aikin ba wuya, ba kuɗi, sai dai kullum ne. Malalaci kuwa yana ganin tsagar ya ce ai ƙarama ce. Ruwa ya shiga kaɗan bana, ya ƙara baɗi, gara ta samu hanya, sai dare ɗaya a ji rugum, ya fito yana salati yana cewa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ke kuma uwa da kika tsinci kwalba a ƙarƙashin katifa kika ce "kada babansa ya ji", ki sani ba rufin asiri kika yi ba, cuta kika rufe. Haka masu cewa sammu aka yi wa yaron, alhali idanunsa sun kaɗa, barcin rana ya yi yawa, kayan ɗaki suna ɓacewa. Kai kuma uba mai saurin tsinuwa da kora, ina kake tura shi in ba wurin masu sayar masa ba? Kada kuma a manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sasari a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su.

Ku riƙa zama da yaro bayan isha'i, a ci tuwo kwano ɗaya. Ka tambaye shi abokansa, ka bari ya kai aya kafin ka sa baki. In ya faɗa maka laifinsa da bakinsa, kada ka ɗauki bulala a wannan dare, domin in ka doke shi a kan gaskiya, gobe ƙarya zai kawo maka. Sirrinsa kuma kada ya zama abin hira a gidan biki.

Wannan zaman shi ne kuma maganin sauran matsalolin: abin da suke kallo a waya, shiga daba, da yarinyar da wani ya taɓa a wurin talla ta kasa faɗa. Wanda shan ya riga ya kama jikinsa kuwa, a kai shi sashen ba da shawara na NDLEA mafi kusa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato. Kuma uban ya raka shi da ƙafarsa, kada a haɗa shi da ɗan aike.