Shin man fetur zai sake yin araha?

Tambaya: Ina noman rani a Gwaram, kuɗin man injin ban ruwa na cinye min riba. In jira farashi ya sauko, ko in haƙura da noman?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a gonarka. Kada ka jira, kada kuma ka bar noman. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a ƙarshen 2024 ma ta wuce 1,000. Matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, amma farashinta na bin na ɗanyen mai a kasuwar duniya da darajar naira. Yana iya sauka kaɗan, amma arahar dā ba za ta dawo ba.

Ka fara da rubuta abin da kake kashewa a mai kowace kaka. Sai ku haɗu da maƙwabtan gonarka, ku yi adashi ku sayi injin sola. Da tsada a farko, amma rana ba ta karɓar kuɗi. Kafin nan, a mayar da injinka mai amfani da gas, ka riƙa ban ruwa da sassafe ko da yamma. Wajen kai kaya kasuwar Sara ko Birnin Kudu kuwa, ku ɗauki mota ɗaya ku raba kuɗin. Da tsohuwar zuma ake magani: in kana da amalanke, kada ka sayar da shi.